Hoton Talla da Masu Ƙirga Idon Jama'a

Sana'ar auna tasirin talla ta girmi shafukan intanet da kusan shekara tamanin. Tun lokacin da 'yan kasuwa suka fara biyan jaridu kuɗi don a buga hoton hajarsu, tambayoyi biyu ke damun su: mutum nawa ne suka ga tallar, kuma cikin waɗanda suka gani su nawa ne suka sa hannu a aljihu. Alƙaluman da mai shafi ke dubawa yau a Instagram ko TikTok, na yawan kallo da mabiya da tsokaci, su ne amsar baya-bayan nan ga waɗannan tsoffin tambayoyi. Galibin tarihin a Amurka ya wakana, domin can kuɗin talla ya fi yawa. Abu guda ke ta maimaita kansa a cikinsa: duk sa'ad da aka fito da sabon ma'auni, masu tsara hoto sukan sauya hoton ya dace da ma'aunin, wasu kuma su gano hanyar yi masa algus.

A farkon ƙarni na 20 mai jarida kan faɗi adadin kwafin da ya ga dama, mai talla kuma ya biya bisa wannan magana ta fatar baki. A 1914 masu talla da masu jaridu na Amurka suka kafa hukumar Audit Bureau of Circulations, mai binciken littattafan jarida ta tabbatar da kwafi nawa aka sayar da gaske. Wannan ya rage ƙarya, amma takarda ake ƙirgawa, ba mai karatu ba. Masu sayar da kaya ta gidan waya su ne suka matsa gaba. Sukan sa wani ɗan gurbi a ƙasan talla wanda mai sha'awa zai yanke ya aiko, kuma kowace mujalla da lambar da aka ɓoye a adireshin nata gurbin. In wasiƙu suka iso sai a ware su bisa lamba, a san wace mujalla, wane hoto da wane kanun magana ne suka kawo ciniki. Claude Hopkins ya tattara wannan dabara a littafinsa Scientific Advertising na 1923.

George Gallup ya nuna ƙarfin hoto da alƙaluma. A ƙarshen shekarun 1920, a jihar Iowa, maimakon ya tambayi mutane abin da suke karantawa a jarida, inda kowa zai ce sharhin edita da labaran duniya don kada a raina shi, sai ya riƙa zama da mai karatu da jaridar jiya a hannu, suna bin ta shafi-shafi, mutumin yana nuna abin da idonsa ya tsaya a kai. Sakamakon bai yi wa editoci daɗi ba: hotuna da zanen barkwanci sun bar sharhi a baya nesa ba kusa ba. A 1932 kamfanin talla na Young & Rubicam da ke New York ya ɗauke shi aiki, tallace-tallace masu siffar zanen barkwanci kuma suka yawaita a mujallu.

Rediyo da talabijin sun zo da nasu ma'aunin. Kamfanin A. C. Nielsen ya riƙa maƙala wata na'ura a akwatunan wasu zaɓaɓɓun gidaje, tana rubuta tashar da aka kama da lokacin da aka kama ta, kuma daga 1950 alƙalumansa suka zama mizanin farashin tallar talabijin a Amurka. Na'urar ta san akwatin yana kunne, amma ba ta san ko akwai mutum a ɗakin ba.

Ranar 27 ga Oktoban 1994 mujallar intanet ta HotWired ta fara ɗora dogayen hotunan talla a saman shafukanta, ciki har da na kamfanin tarho na AT&T. Abin da ya bambanta wannan talla da ta jarida da talabijin shi ne ana iya danna ta, kwamfutar da ke riƙe da shafin kuma tana rubuta kowace dannawa. An ruwaito cewa kashi 44 cikin ɗari na waɗanda suka ga tallar AT&T sun danna. Ɗokin sabon abu ne kawai. Cikin 'yan shekaru adadin ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya, ido ya koyi tsallake duk wani abu mai kama da talla. Masu tsarawa suka mayar da martani da hotuna masu ƙyalƙyali da motsi, da tagogin da ke faɗo wa mutum ba sallama, da maɓallan bogi masu kama da saƙon kwamfuta. Tun da dannawa ce ake ƙirgawa, dannawa aka yi ta farauta, ko da ta kuskure ce.

A shekarar 1994 ɗin ne Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kuki, wato ɗan gajeren bayani da shafi ke ajiyewa a kwamfutar mai ziyara don ya gane shi in ya dawo. Kamfanoni irin su DoubleClick suka yi amfani da shi wajen bin mutum daga wannan shafi zuwa wancan. A 1998 GoTo.com ya fito da tsarin da mai talla ba ya biya sai an danna, Google ya bi sahu, daga baya kuma ya saye DoubleClick a kan dala biliyan 3.1. Sauyin da ya fi taɓa ƙananan 'yan kasuwa ya zo ne a Nuwambar 2005, lokacin da Google ya saki Google Analytics kyauta. Mai ƙaramin shago ya sami damar ganin daga ina baƙinsa suke zuwa da shafin da suke juyawa a kai, bayanan da a da sai manyan kamfanoni ke iya saye.

Wani gwaji da aka yi a Disambar 2007, a yaƙin neman zaɓen Barack Obama, ya nuna yadda sabon aikin yake. Ana so mai ziyartar shafi ya bar adireshin imel ɗinsa. Aka shirya hotuna uku da bidiyo uku da maɓallai huɗu masu rubutu daban-daban, haɗi 24 ke nan, aka raba su ga baƙi fiye da 300,000 ba tare da zaɓe ba. Ma'aikatan ofishin sun fi son ɗaya daga cikin bidiyoyin. Da alƙaluma suka fito, kowane bidiyo ya gaza kowane hoto, wanda ya yi nasara kuwa hoton ɗan takarar ne da iyalinsa. Adadin masu rajista ya tashi daga kashi 8.26 zuwa 11.6 cikin ɗari. Irin wannan gwaji ya karɓe hukunci daga hannun gwanin zane da mai gidan ofis, ya miƙa shi ga ɗabi'ar baƙi.

Kafofin sada zumunta sun ƙara wani abu da babu shi a da: sun fito da alƙaluman fili. Facebook ya buɗe shafukan kamfanoni da tsarin tallarsa a Nuwambar 2007, ya kawo maɓallin laikin a Fabrairun 2009. Daga nan adadin masu son hoto ya zauna a ƙarƙashin hoton, abokin gasa yana gani, mai saye yana gani, har adadin da kansa ya zama wani ɓangare na tallar. Instagram, wanda Kevin Systrom da Mike Krieger suka ƙaddamar a Oktoban 2010, ya ɗora komai a kan hoton wayar hannu, mai kusurwa huɗu daidai-wa-daida, da rini iri-iri na gyara launi. Facebook ya saye shi a 2012 a kan dala biliyan ɗaya, lokacin ma'aikatansa 13 ne. Tallar kuɗi ta shiga a ƙarshen 2013, a 2016 kuma aka ba 'yan kasuwa shafi na musamman mai nuna shekarun mabiya da garuruwansu da sa'ar da suka fi leƙowa. A shekarar ne kuma aka daina jera hotuna bisa lokacin ɗora su, lissafin manhaja ya karɓi aikin zaɓar abin da kowa zai fara gani. Gidajen abinci suka fara tsara fitilu da faranti don hoton da baƙo zai ɗauka.

Bidiyo ya fi komai nuna yadda ma'auni ke sarrafa abin da ake aunawa. A farkon YouTube yawan buɗe bidiyo ne abin dubawa, don haka masu ɗorawa suka riƙa sa hoton bango mai jan hankali wanda ba ruwansa da abin da ke ciki. A 2012 kamfanin ya koma fifita tsawon lokacin da aka ɓata ana kallo, sai bidiyoyi suka ƙara tsawo. Facebook kuwa ya sa bidiyo ya riƙa tashi da kansa ba sauti, yana ƙirga daƙiƙa uku a matsayin kallo ɗaya. Daga nan manyan rubuce-rubuce a kan fuskar bidiyo suka yaɗu, don a fahimta ko ba a ji ba. A Satumbar 2016 kamfanin ya amsa cewa ya shafe kusan shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin kallo, saboda ba ya sa kallon da bai kai daƙiƙa uku ba a lissafin. Masu talla suka kai ƙara, aka sasanta a 2019 a kan dala miliyan 40. Matsalar a nan ta tsari ce: mai sayar da filin talla shi ne kuma mai riƙe da mudun awo.

Da kamfanoni suka fara biyan masu tarin mabiya kuɗi don su riƙe kayansu a hoto, kasuwar mabiyan bogi ta buɗe. A Disambar 2014 Instagram ya share miliyoyin asusun ƙarya, fitattun mawaƙa suka wayi gari mabiyansu sun zube. A Janairun 2018 jaridar New York Times ta bankaɗo kamfanin Devumi, mai sayar wa 'yan wasa da 'yan siyasa mabiya a Twitter. Masu talla suka koma duba kason mabiyan da ke tsokaci ko turawa, sai aka fara sayar da tsokacin shi ma. TikTok, wanda kamfanin ByteDance na Sin ya haɗe da Musical.ly a 2018, ya rage darajar mabiya gaba ɗaya: yakan nuna sabon bidiyo ga mutane kaɗan, in sun kalla har ƙarshe ko sun maimaita sai ya faɗaɗa. Shi ya sa gajeren bidiyo na tsaye, wanda ke jefo abin mamaki a daƙiƙun farko, ya mamaye ko'ina, Instagram da YouTube kuma suka kwaikwaya daga 2020.

Bin sawun mutane ya gamu da cikas a wannan tsakanin. Badaƙalar Cambridge Analytica ta 2018, wadda ta shafi bayanan mutane har miliyan 87, ta jawo wa Facebook tarar dala biliyan biyar a Amurka. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a Mayun 2018. A Afrilun 2021 Apple ya tilasta wa kowace manhaja neman izinin mai iPhone kafin ta bi shi zuwa wasu manhajoji, kuma kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ƙiyasta cewa hakan zai rage masa kusan dala biliyan goma a 2022. Wani kaso na alƙaluman ciniki da mai talla ke gani yanzu ƙiyasin kwamfuta ne.

A ƙasar Hausa wannan fasaha ta tarar da tsohuwar kasuwa tana ci. Matan aure sun daɗe suna sana'a daga cikin gida, yara na kai musu talla, dillaliya na zagaya gidaje da ƙunshin zannuwa da kayan ɗaki; masu bincike irin su Polly Hill da Enid Schildkrout sun yi rubutu a kan wannan ciniki na bayan katanga. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, kuma da wayoyi masu kyamara suka yi araha, hoto ya ɗauki wani ɓangare na aikin dillaliya. Mai sayar da atamfa da leshi kan karɓi hotunan sababbin kaya daga wani shago a Kantin Kwari, ta ɗora a Instagram ko a sitatus na WhatsApp, wanda aka fara a 2017, sau da yawa tun kafin ta sayi ko turmi ɗaya. Haka masu turaren wuta da humra da abaya da kayan kicin suke yi. Masu ƙarfi kan biya jaruman Kannywood da 'yan barkwancin TikTok su tallata musu, farashin kuma yakan bi yawan mabiya.

Sai dai a nan alƙaluman manhaja sukan tsaya a rabin hanya. Suna nuna wanda ya kalli hoto, amma cinikin kansa a saƙon sirri ake ƙulla shi, a yi tayi da ragi, a tura kuɗi ta banki, a kai kaya tasha a ba direba. Manhaja ba ta ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Don haka 'yar kasuwa kan tambayi sabuwar mai saye inda ta ga tallar, ko ta ba kowane mai tallata mata wata kalma da za a ambata a sami ragi. Jerin sunayen waɗanda suka buɗe sitatus ya fi mata amfani a kan dubban kallon baƙi, domin mutane ne da take da lambarsu. Kuka mafi yawa daga masu saye shi ne launin da hasken waya ya ƙawata ya sha bamban da wanda ya iso hannu, abin da ya sa bidiyon da ake warware turmi a hasken rana, da hoton saƙon godiya daga wadda ta karɓi kaya, suka zama shaidar da ake nema.

Doka ta biyo baya. A 2022 aka maye gurbin hukumar kula da tallace-tallace ta Nijeriya, APCON, wadda aka kafa a 1988, da ARCON, mai ikon tantance talla har da wadda ake yi a kafofin sada zumunta. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa a 2023, a Yulin 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 bisa yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya a Facebook da WhatsApp.