PNDS-Tarayya: Tarihin Jam'iyyar Masu Ruwan Hoda a Nijar

An kafa jam'iyyar PNDS-Tarayya a watan Disamban 1990, lokacin da matsin lambar ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago ya tilasta wa gwamnatin Janar Ali Saibou buɗe ƙofar jam'iyyu barkatai. Galibin iyayenta 'yan boko ne. Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji a jihar Tawa, injiniyan ma'adinai ne da ya yi aiki a mahaƙar uraniyom ta Arlit, shi kuwa Mohamed Bazoum malamin falsafa ne, ɗan gwagwarmayar ƙwadago. Aƙidarsu gurguzu ce mai sassauci: a bar kasuwa ta ci, a nemi mulki ta akwatin zaɓe, amma gwamnati ta ɗauki nauyin ilimi da lafiyar talaka.

A zaɓen 1993 Issoufou ya zo na uku, ya mara wa Mahamane Ousmane baya, da Ousmane ya ci aka ba Issoufou kujerar Firaminista. Auren bai yi ƙarko ba. Ya ajiye muƙamin a 1994, jam'iyyar ta haɗa kai da abokiyar hamayyarta MNSD-Nasara, kuma takun saƙar da ya biyo baya tsakaninsu da Shugaba Ousmane shi ya ba Ibrahim Bare Mainasara hujjar juyin mulkin 1996. Daga nan sai doguwar adawa. Sau biyu Tandja Mamadou yana kayar da Issoufou a zagaye na biyu, a 1999 da 2004, amma jam'iyyar ba ta watse ba, abin da ba kasafai ake gani ba a siyasar yankin. Tawa ta ci gaba da zama tungarta, magoya baya na kiran jagoransu Zaki.

Yaƙi da tazarcen Tandja a 2009 shi ya share mata hanya. Issoufou ya ci zaɓen 2011, ya ƙaddamar da shirin noma na 3N, ya sake lashe na 2016 da 'yan adawa suka ƙaurace wa zagayensa na biyu, bayan babban abokin karawarsa Hama Amadou ya yi yaƙin neman zaɓe daga gidan kaso. Wannan tabo, da zarge-zargen almundahana, sun rage wa jam'iyyar kwarjini.

A Afrilun 2021 Issoufou ya miƙa wa Bazoum mulki, karo na farko da zaɓaɓɓe ya gaji zaɓaɓɓe a tarihin Nijar. Ranar 26 ga Yulin 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa, ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, suka hamɓarar da Bazoum, kuma a Maris ɗin 2025 gwamnatin soja ta rusa dukkan jam'iyyun ƙasar.