Tarihin gandun daji na W

Yau za mu yi hira bisa wani wuri na ƙasarmu Nijar wanda sunansa harafi ɗaya ne tak. Harafin kuwa kun san shi, shi ne W, wanda muke rubuta wuta da wata da shi.

Kudu da Yamai, kogin Isa yana yin lanƙwasa, ya yi nan ya komo nan. In an dube shi a taswira sai a ga kamar an rubuta W. Daga nan dajin ya samu suna.

A da can mutane ba su da yawa a wannan daji. Tsando da ƙudan da ke kawo makanta suna korar su. Amma akwai Gurmawa manoma da mahalba, akwai Fulani masu wucewa da shanu. A 1937 Turawan Faransa suka keɓe wurin. A 1954 aka mai da shi gandun daji na gwamnati. Aka hana farauta da kiwo da sare itace. Waɗanda ke zaune ciki aka tashe su. Abin ya yi ma talakawa ciwo, don ba a yi shawara da su ba.

A 1960 muka samu ƴancin kai, gandun ya zama namu. Ƙasa uku ke raba shi: Nijar, Benin da Burkina Faso. Rabonmu hekta 220.000 ne, tsakanin gulbin Tapowa da gulbin Mekuru. A 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gado na duniya.

To, yaya baƙi suke zuwa kallo a da, lokacin da hanya take buɗe? Daga Yamai zuwa ƙofar Tapowa kamar kilomita 150 ne. Da damina hanyoyin ciki ba su biyuwa. Sai da rani, daga Disamba zuwa Mayu, lokacin da ciyawa ta faɗi, namun daji suka taru bakin ruwa. Baƙi su cika mota, su biya kuɗin shiga, a ba su ɗan jagora. Ba a shiga sai da shi. Shi ya san sawu, shi ke cewa direba ya tsaya ko ya wuce. Da sassafe ake fita, ko da marece. Ba a shiga da bindiga, ba a ta da wuta, ba a sauka sai inda ya ce. Ana ganin giwa, ɓauna, gwanki, mugun dawa, dorina da kada. Mai sa'a ya ga zaki. Tsuntsaye kuwa sun fi iri 350.

Ku lura da abu guda. Giwar da aka harbe, sau ɗaya ake cin kuɗinta. Giwar da ke raye, kowace shekara tana jawo baƙi. Ɗan jagora ya samu, direba ya samu, mai dafa abinci da mai saida kayan hannu su samu.

Amma wannan arziki yana son kwanciyar hankali. Tun wajen 2020 ƴan bindiga suka shiga yankin, baƙi suka daina zuwa, masu jagora da yawa suka rasa aiki. Namun daji kuma suka rasa masu tsaronsu a wurare da dama.

Ƴan'uwa, da yawanmu ba mu taɓa ganin giwa ba sai a littafi. In muka bari ta ƙare, ɗiyanmu ma a littafi kaɗai za su gan ta. Kar mu sayi naman farautar da aka hana. Kar mu sa ma daji wuta. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, motoci su koma Tapowa.

Kafin darasi mai zuwa, kowa ya rubuta sunan namun daji biyar a littafinsa.