Tafiyar wata gatana: daga maɗaba'ar Benis zuwa ƙauyukan Turai

Masana sun daɗe suna ɗaukar gatana, wato tatsuniya, a matsayin abin da ke tasowa daga bakin tsofaffi ya ƙare cikin littafi. Tarihin gatanar Turai ya nuna cewa hanyar nan zuwa da komowa ce, kuma a Italiya aka fara ganin sawunta sarai.

A shekara ta 1550 aka buga kashi na farko na littafin Straparola a birnin Benis, na biyu ya biyo a 1553. Sunansa Le piacevoli notti, ma'ana darare masu daɗi. Marubucin ya tara waɗansu manyan mutane a tsibirin Murano, ya sa su hira dare 13, suna ba da labari suna wasa ƙwaƙwalwa. Cikin labarai sama da 70, kamar 15 ne gatana ta ainihi. Ɗaya daga ciki ta Costantino ce: wata matalauciya ta rasu ta bar wa ƴaƴanta uku gado, autan ya tashi da kyanwa tak. Kyanwar kuwa aljana ce. Da dabara ta kai shi fada, ta aura masa gimbiya, har ya gaji sarauta. Tun 1560 aka juya littafin cikin Faransanci a Liyon.

Na biyu shi ne Giambattista Basile, bafade kuma mawaƙi, wanda ya rasu a 1632 bai ga littafinsa ba. Ƴar'uwarsa Adriana, zabiya ce sananna, ita ake jin ta tsaya aka buga shi a Napoli tsakanin 1634 da 1636. Gatana 50 ne cikin kwana biyar, daga bakin tsofaffin mata goma, shi ya sa daga baya aka laƙaba masa Pentamerone. Basile ya ƙi rubutu da Italiyancin malamai, ya yi da harshen Napoli, na kasuwa da bakin teku, cike da habaici da zambo. Wannan zaɓi ya ba littafin gishiri, ya kuma tsare shi gida: sai 1846 Felix Liebrecht ya fassara shi dukansa cikin Jamusanci, sai kuma 1925 Benedetto Croce ya mai da shi Italiyanci. Ba kuwa littafin yara ba ne. Marainiyar Basile, wadda Turai ta sani daga baya da sunan Cendrillon, da hannunta ta sako wa matar ubanta murfin akwati a wuya. Kyanwar ma ta sake bayyana, amma a nan butulci aka saka mata: ta yi mutuwar ƙarya don ta gwada ubangidanta, ta ji ya ce a jefar da ita ta taga, ta yi tafiyarta.

A 1697 Charles Perrault ya fito da nasa a Paris. Ya mai da kyanwar muzuru, ya sanya masa takalma, ya ƙara dodo, ya share duk abin da zai ɓata wa fadawa rai. Daga nan labaran suka shiga ƙananan littattafai masu shuɗin bango da ake bugawa a Troyes, ƴan koli suna yawo da su ƙauye-ƙauye. Mai karatu ɗaya ya ishi zaure guda. Waɗanda suka saurara su maimaita, ba su san da littafin ba. Makarancin Hausa ba zai yi mamaki ba, tun da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta ɗebo daga Alfu Laila da littafin Grimm ta zuba cikin hirar aku.

A 2002 Ruth Bottigheimer ta kai maganar ƙarshe, ta ce Straparola ne ya ƙago gatanar talakan da ya zama sarki ta hanyar sihiri da aure. Masana adabin baka da yawa sun ƙi, kuma suna da hujja: rashin rubutu kafin 1550 ba ya nufin rashin labari.

Ƴan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, sun ci karo da matsalar da kansu. Sun sa muzuru mai takalma cikin bugun 1812 bisa zaton gadon Jamusawa ne, alhali daga gidan Hassenpflug suka ji shi, gidan da ke da jinin Faransawa kuma ake jin Faransanci. Da suka ga ya yi kama da na Perrault ƙwarai, suka fid da shi daga bugun 1819.