Daga Coci Zuwa Bronx: Yadda Gangar Soul Ta Haifi Hip-Hop

A ranar 11 ga Agustan 2023 aka yi bikin cikar kiɗan hip-hop shekara 50 a New York da sauran manyan biranen Amurka, kuma bikin ya sake tono wata tsohuwar muhawara tsakanin makaɗa da masana tarihin kiɗa game da tushen wannan fasaha da wanda ya cancanci a danganta ta gare shi. Hip-hop al'ada ce ta matasan baƙaƙen fata da 'yan asalin tsibiran Karibiyan mai rassa huɗu, wato juya faifai, da gambara wadda ita ce rattaba kalmomi masu amsa-amo a kan kiɗa ba tare da rerawa ba, da rawar juyi a ƙasa, da zane a jikin bango. An zaɓi wannan rana ne saboda wata walima da Cindy Campbell ta shirya a 1973 a ɗakin taro na gidan bene mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke unguwar Bronx, domin ta tara kuɗin tufafin komawa makaranta, inda yayanta Clive Campbell, wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, ya juya faifai ga matasan da suka biya senti 25 idan mata ne, senti 50 idan maza ne. Wanda ya bi diddigin faya-fayan da aka riƙa juyawa a irin waɗannan walimomi zai ga cewa uwar hip-hop ita ce kiɗan soul da ɗanta fank, musamman hannun wasu makaɗan ganga waɗanda har yau ba a biya su haƙƙinsu ba.

Zamanin farko na kiɗan baƙaƙen fatar Amurka duhu ya lulluɓe yawancinsa, domin bayin da aka fara saukewa a Bajiniya a 1619 da waɗanda suka biyo bayansu ba su da damar rubuta tarihinsu. An san cewa bayan tawayen Stono na 1739 dokar Karolina ta Kudu ta 1740 ta haramta wa bayi ganguna, sai tafi da buga ƙafa da amshi suka ɗauki nauyin riƙe kari a gonakin auduga da wuraren ibada. Daga nan waƙoƙin addini na bayi suka fito, sannan buluz, wato waƙar koke ta mutum guda da jitarsa, sannan waƙar bishara ta cocin baƙaƙe wadda Thomas Dorsey ya daidaita mata tsari a Shikago a shekarun 1930.

Soul ta samu ne lokacin da aka ɗauko zafin muryar coci aka ɗora shi a kan zancen duniya, na soyayya da talauci da neman 'yanci. Ray Charles ya yi hakan a 1954 har wasu limaman coci suka zarge shi da saɓo, Sam Cooke kuma ya bar ƙungiyar bishara ta Soul Stirrers ya shiga kasuwar waƙa a 1957. Kamfanoni biyu suka zama ginshiƙai: Motown wanda Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959, mai kiɗa gogagge da aka tsara don ya shiga kowane gida, da Stax na Memphis mai kauri da ƙaho da gumi. Muryar Aretha Franklin a 1967 da faifan Marvin Gaye na 1971 a kan yaƙin Biyetnam da halin unguwannin talakawa sun kai wannan kiɗa ƙololuwar da da wuya a sake kaiwa, kuma waɗannan su ne faya-fayan da ke jere a falon iyayen yaran Bronx.

Amma mutumin da ya karkatar da akalar al'amarin shi ne James Brown. Tun daga 1965, kuma a fili ƙarara a waƙarsa ta "Cold Sweat" ta 1967, ya rage muhimmancin hawa da saukar murya da sauyin sauti da waƙoƙin Turawa suka ginu a kai, ya mayar da kowane kayan kiɗa tamkar ganga: jita tana karta gajerun sautuka, ƙaho yana faɗowa a dunƙule, shi kansa yana gurnani da ihu da kiran makaɗansa da suna a tsakiyar waƙa. Ya kuma dage a kan a dira nauyi a bugu na farko na kowace gaɓa mai bugu huɗu, saɓanin na biyu da na huɗu da aka saba. Wannan salo shi ake kira fank, kuma tasirinsa ya kai Afirka ta Yamma tun kafin Brown ya zo Legas a watan Disambar 1970, inda makaɗansa suka je suka kalli Fela Kuti da Tony Allen suna aiki. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan tarihi shi ne wata ɗabi'a ta Brown, ta dakatar da kowa ya bar wa makaɗin ganga fili shi kaɗai na ɗan lokaci. Wannan ɗan fili, wanda za a iya kira gurbin ganga, shi ne tubalin da aka gina hip-hop da shi.

Gurabe biyu sun fi sauran shahara, kuma dukansu an naɗe su a 1969. Na farko yana cikin "Funky Drummer", wadda aka ɗauka a Cincinnati a watan Nuwamba, inda Clyde Stubblefield, ɗan Chattanooga da ya koya wa kansa kiɗa, ya buga gaɓa takwas na kimanin daƙiƙa ashirin. Wanda ya saurara da kyau zai ji hannunsa na dama yana tafiya a kan faranti da sauri ba ya tsayawa, na hagu kuma yana sakin wasu ƙananan bugu a kan ƙaramar ganga waɗanda da ƙyar ake jin su tsakanin manyan bugun, kuma su ne suke sa kiɗan ya yi kamar yana numfashi. Makaɗa da yawa sun kwaikwaye shi, kaɗan ne suka kama wannan laushin. Na biyu yana bayan faifan ƙungiyar The Winstons, a kiɗan "Amen, Brother" da aka gina a kan wata waƙar coci, inda Gregory Coleman ya buga gaɓa huɗu na daƙiƙa shida zuwa bakwai. A lokacin fitowarsu babu ɗayansu da ya girgiza kasuwa.

Bronx ɗin da Herc ya taso a ciki, bayan ƙaurarsa daga Kingston ta Jamaika a 1967 yana ɗan shekara goma sha biyu, unguwa ce da babban titin da Robert Moses ya ratsa ta da shi ya tarwatsa, masu hali suka tsere, masu gidajen haya suka riƙa barin gine-gine suna ƙonewa don su karɓi kuɗin inshora, birnin kuma ya kusa tsiyacewa a 1975 har aka zabge kuɗin makarantu. Abin da Herc ya lura da shi, kamar yadda makaɗin kalangu a dandali yake karanta ƙafafun 'yan rawa ya san taken da zai maimaita, shi ne cewa matasa suna jira ne gurbin ganga ya zo kafin su zuba a fili. Sai ya sayi kwafi biyu na faifai ɗaya, ya ɗora kowanne a kan nasa garmaho, idan gurbin ya ƙare a na dama sai ya saki allurar na hagu a farkon gurbin, yana komawa da wancan baya, ta yadda daƙiƙa goma za ta zama minti biyar. Faya-fayan da ya fi dogaro da su na James Brown ne da na Jimmy Castor da Incredible Bongo Band, har da na wata ƙungiyar Ingila mai suna Babe Ruth, abin da ke nuna cewa kunnensa ganga yake nema ko daga ina ta fito. Bisa shawarar mahaifinsa yakan jiƙa faya-fayan a ruwa ya ɓare takardar da ke ɗauke da sunan waƙa, don kada abokan hamayya su leƙa su gane abin da yake juyawa. Grandmaster Flash ya zo ya gyara dabarar, yana sa alama a jikin faifai yana sauraro ta na'urar kunne don kada bugu ɗaya ya ɓace a wurin sauyi, Grand Wizzard Theodore kuma ya shahara da goga faifai gaba da baya a ƙarƙashin allura. Masu magana a makirufo, irin su Coke La Rock, da farko aikinsu ambaton sunayen abokai ne da zuga 'yan rawa.

Akwai masu cewa tushen hip-hop maroƙan Afirka ta Yamma ne, kuma wannan ra'ayi yana da daɗi a kunnen duk wanda ya san kirari da zambo da habaicin 'yan gambara. Kamannin gaskiya ne, kuma fasahar baka ta baƙaƙen Amurka, daga wa'azin coci zuwa wasan ba'a na samari a bakin titi zuwa kirarin da Muhammad Ali yake yi wa kansa kafin dambe, tana ɗauke da gadon Afirka wanda ba mai musu. Sai dai tsakanin jirgin bayi na ƙarshe da titin Sedgwick akwai fiye da ƙarni guda, kuma ra'ayin yana bayanin magana ne kawai, alhali a shekaru shida na farko mai juya faifai shi ne sarki, mai magana yaronsa ne. Yana kuma da wata illa da ba a cika faɗa ba, domin idan aka ce komai daga Afirka ya taho a shirye, to an tauye ƙirƙirar mutanen da suka yi aikin da hannunsu a Memphis da Cincinnati da Bronx.

Ra'ayi na biyu, mai danganta komai ga Jamaika, ya fi ƙarfi, tunda Herc ya ga manyan lasifikokin da ake kafawa a filayen Kingston da masu surutu a kan faifai irin su U-Roy suka shahara da su. Girman lasifika da tsarin walimar waje daga can suke, amma Herc da kansa ya sha faɗa cewa da ya gwada kiɗan rege mutanen Bronx ba su karɓa ba, sai da ya koma ga fank. Bugu da ƙari, masu surutun Jamaika na shekarun 1950 sun koyi salonsu ne daga masu gabatar da shiri baƙaƙe a gidajen rediyon Amurka, a kan faya-fayan Amurka. Shi kuwa zancen cewa ɗaukewar wutar lantarki ta 13 ga Yulin 1977, lokacin da aka fasa shaguna aka kwashi kayan kiɗa, ita ce ta haifi hip-hop, bai wuce bayanin yadda masu juya faifai suka yawaita ba, domin dabarar ta riga ta shekara huɗu. Mutanen Harlem ma suna da hujja idan suka ce DJ Hollywood yana gambara a kan faifai tun farkon shekarun 1970, kuma shi ma a kan soul da disko yake yi.

Faifan da ya fitar da hip-hop zuwa duniya a 1979, "Rapper's Delight" na Sugarhill Gang, wata tsohuwar mawaƙiyar soul ce, Sylvia Robinson, ta shirya shi, kuma an ɗora shi a kan kiɗan ƙungiyar Chic har sai da 'yan ƙungiyar Nile Rodgers da Bernard Edwards suka yi barazanar zuwa kotu aka sa sunansu. Da na'urorin tsakure suka yi araha, wato na'urorin da ke yanko ɗan guntun sauti daga tsohon faifai su adana shi a maimaita, irin su SP-1200 ta 1987 da MPC60 ta 1988, sai gurbin Stubblefield, wanda aka sake fitarwa a 1986, ya shiga waƙoƙin Public Enemy da Run-DMC da LL Cool J, na Coleman kuma ya shiga na N.W.A kafin matasan Ingila su ƙara masa sauri su gina wani sabon kiɗan rawa a kansa. Waɗannan shekaru, daga 1986 zuwa 1991, su ne mafi albarka a tarihin hip-hop, saboda mai shirya kiɗa yana iya saƙa guntaye goma ko ashirin a waƙa ɗaya, yaro kuma ya ji muryar da mahaifiyarsa take so tana magana da shi a sabon harshe.

A watan Disambar 1991 wani alƙali a New York, Kevin Duffy, ya yanke hukunci a kan Biz Markie saboda tsakuren da ya yi daga waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, kuma daga nan kamfanoni suka wajabta neman izini da biya kafin a fitar da kowane tsakure. Soul ba ta fita daga hip-hop ba: faifan Lauryn Hill na 1998, wanda ya lashe kambun Grammy biyar, ya haɗa rerawa irin ta coci da gambara a bakin mace ɗaya ta hanyar da ta cancanci kowane yabo da aka yi mata, J Dilla da Kanye West kuma sun ci gaba da tono tsofaffin muryoyi a shekarun 2000. Amma saƙar guntaye masu yawa ta zama sai mai kuɗi, kuma kuɗin da aka fara biya ya tafi ne ga kamfanin da ya mallaki faifai da wanda aka rubuta sunansa a matsayin marubucin waƙa, alhali makaɗin ganga ɗan ƙwadago ne da aka sallama da ladan yini.

Stubblefield ya ƙare rayuwarsa a Madison ta jihar Wisconsin yana kiɗa a ƙananan wurare, yana fama da ciwon daji da na ƙoda ba tare da inshorar lafiya ba, har mawaƙi Prince ya biya masa wani babban kaso na kuɗin asibiti a ɓoye, ya rasu a watan Fabrairun 2017. Coleman ya rasu a Atlanta a 2006 ba shi da matsuguni. A 2015 wasu masu juya faifai biyu a Birtaniya suka buɗe gidauniya a intanet, masoya kiɗa suka tara kimanin fam 24,000, aka miƙa wa Richard Spencer, jagoran The Winstons, wanda shi ma bai taɓa karɓar ko sisi daga dubban waƙoƙin da aka gina a kan wannan faifai ba.