Uwar-Garken Gida: Tarihin Yadda Ajiya Ta Bar Hannunmu Kuma Take Dawowa

Ga waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, ga rubutaccen shirin nan kamar yadda muka saba.

Yau da labarin asara zan fara. Akwai wata murya da na naɗa ta kakata, Allah Ya jiƙanta, tana ba mu tarihin yadda danginmu suka yi ƙaura. Wajen minti arba'in ce. Na bar ta a memorin waya, kullum ina cewa gobe zan kwafe. Ranar da memorin ya ƙi buɗewa na zaga wurin masu gyara uku, kowa ya gwada ya girgiza kai. Shi ke nan, muryar ta tafi. Wannan takaicin ne ya sa na haɗa uwar-garke a gida, wato abin da 'yan harkar kwamfuta ke kira saba. Kwamfuta ce kawai da ake bari a kunne tana yi wa sauran na'urorin gida hidima: ta ajiye fayil, ta raba shi, ta kula da zirga-zirgar intanet. Da na shiga bincike kuma sai na tarar abin yana da dogon tarihi.

Mu koma 1956. A shekarar ne kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutar RAMAC, wadda ta zo da faifan ajiya na farko da aka sayar a kasuwa. Faranti hamsin ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, nauyin na'urar ya kai kusan tan guda. Me take iya ɗauka? Kimanin megabait biyar. Wato hoto ɗaya ko biyu na wayar da ke hannunka yanzu. A wancan zamani ajiyar bayanai harka ce ta gwamnati da bankuna da manyan kamfanoni, talaka ko a mafarki.

Abubuwa uku ne suka sauko da wannan harka har ta iso ɗakin mutum irina, kuma duk a cikin 'yan shekaru suka faru.

Na farko a 1988. Wasu masana uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar da wata takarda. Hujjarsu ita ce: maimakon a sayi ƙaton faifai ɗaya mai tsada, a haɗa ƙanana masu araha da yawa su yi aiki tare, a riƙa maimaita bayanan a tsakaninsu, ta yadda in ɗaya ya mutu ba a rasa komai ba. Wannan dabara ita ce RAID, kuma har yau ita ce ƙashin bayan kusan duk wata ma'adana.

Na biyu a 1991, lokacin da wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya saki Linux kyauta. Daga nan duk mai tsohuwar kwamfuta ya samu manhajar da za ta tafiyar da uwar-garke ba tare da ya biya lasisi ba.

Na uku shi ya fi burge ni. Wani ɗalibin digiri na uku a Canberra ta Ostireliya, Andrew Tridgell, yana son kwamfutocinsa masu tsari daban-daban su riƙa musayar fayil. Sai ya zauna yana leƙen saƙonnin da ke wucewa ta waya tsakanin na'urori har ya gano yarensu, ya rubuta tasa manhajar a farkon 1992. Daga baya aka ce masa sunan da ya sa mata mallakin wani kamfani ne. Sai ya sa kwamfuta ta binciko masa kalmomin ƙamus masu haruffan S da M da B a jere, ya zaɓi Samba. E, kamar sunan mutumin Futa Toro! Da Samba ne kwamfutar Linux ke bayyana a cikin Windows kamar wani fayil na gida, kuma ita nake amfani da ita yau.

To, daga nan hanya ta buɗe. A 2005 wani Bafaranshe, Olivier Cochard-Labbé, ya fara FreeNAS, manhajar da ke mayar da tsohuwar kwamfuta rumbun ajiya, wadda yanzu ake kira TrueNAS. A 2007 Microsoft ma ta fito da Windows Home Server, amma ba ta yi dogon rai ba. Me ya sa? A ganina gajimare ne ya sha gabanta. Dropbox ya fito a 2008, Google Drive a 2012, kowa ya ce me zai sa in wahalar da kaina, ga inda zan zuba kayana kyauta?

Sai dai fa abin da muke kira gajimare kwamfutar wani ce a wata ƙasa, kuma kayan aro ba ya rufe katara. A 2009 Yahoo ta rufe GeoCities, shafukan miliyoyin mutane suka bi ruwa in ban da abin da 'yan sa-kai suka ceto. A Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, har waɗanda halalinsu suka ajiye a ciki suka wayi gari ba su da hanyar ɗaukowa. A 2019 MySpace ta amsa cewa ta rasa waƙoƙin da aka ɗora mata na tsawon shekara goma sha biyu wajen sauya uwar-garke. Sannan ranar 1 ga Yunin 2021 Google Photos ya daina ba da ajiya kyauta marar iyaka. Ko kun tuna lokacin da saƙon "ma'adanarka ta cika" ya fara damun mutane?

Ana cikin haka ne uwar-garken gida ta farfaɗo. A 2012 aka fara sayar da Raspberry Pi, 'yar kwamfuta mai girman katin banki a kan dala 35, wadda wutar da take ci ba ta wuce ta ƙaramin ƙwan fitila ba. A 2016 Nextcloud ta fito, wadda ke ba ka irin hidimar Google Drive amma a kan na'urarka.

Ni tawa ba wata abar a-zo-a-gani ba ce. Tsohuwar laftof ce da allonta ya fashe. Na zaɓe ta ne saboda yanayinmu: batirinta na riƙe ta in an ɗauke wuta kafin sola ta karɓa, kuma ba ta cin wuta kamar babbar kwamfutar tebur. Na sa mata Linux, na jona mata faifai biyu, na haɗa ta da rauta da waya. Aiki uku take yi. Hotunan wayoyin gidanmu suna kwafe kansu cikinta da zarar mutum ya shigo gida. Karatuttuka da bidiyon da aka sauke sau ɗaya kowa na kalla ba tare da an sake ƙona data ba, don fayil ɗin bai fita daga gidan ba balle a caje ka. Sannan na sa Pi-hole, mai tare tallace-tallace tun kafin su iso waya. Abokan gabanta biyu ne, zafi da ƙurar hunturu, shi ya sa na ɗaga ta sama inda iska ke ratsawa, ina kuma share ta a kai a kai.

Amma ga gargaɗi, kuma shi ne zuciyar shirin yau. A 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya buga umarnin gogewa bisa kuskure, kusan kashi 90 cikin ɗari na fayilolin fim ɗin suka ɓace daga babbar uwar-garkensu. Da aka je ɗauko kwafin ajiya sai aka tarar shi ma ya lalace. Wa ya cece su? Wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. A mota aka ɗauko kwamfutar an naɗe ta da bargo kamar jaririya.

Darasin shi ne, wuri ɗaya ba ajiya ba ne, ko gajimare ne ko ɗakinka. RAID zai cece ka in faifai ya mutu, amma in ka goge abu da hannunka zai goge a duka faifan lokaci guda. Ba ya kuma hana ɓarawo, ko gobara, ko wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙona komai. Shi ya sa ma'abota harkar ke bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'adana biyu, ɗaya a wajen gida. Nawa kwafi na ukun yana kan wani faifai a gidan yayata, duk wata nakan karɓo shi in sabunta in mayar.

Da na san wannan tun da wuri, da yau kuna jin muryar kakata a shirin nan. Don haka kafin ka kwanta yau, ka tambayi kanka: wane abu ne a wayata wanda in ya ɓace kuɗi ba za su dawo da shi ba? Ka kwafe shi zuwa wuri na biyu a daren nan, batun uwar-garke ya biyo baya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.