Hanyoyin da Littafi Ya Biyo Zuwa Dakoro

Kusan duk littafin da aka taɓa karantawa a Dakoro daga wani wuri aka kawo shi. Garin yana arewa da Maraɗi da kimanin kilomita 120, kusa da inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara, kuma Faransawa ne suka mai da shi mazaunin mulki a 1947. Ke nan yaro ne idan aka jera shi da Birnin Lalle ko Tsibiri. Amma littafi ya riga kumandan shiga wannan ƙasa da daɗewa, a rataye a kafaɗar malamai da almajirai masu yawon neman ilimi tsakanin Gobir da Katsina da Adar da Agadas.

Littafin wancan zamani warwaro ne, ba a ɗinke yake ba. Takardu ne a jere, a rufe su da tadarishi na fata, a ɗaure da igiya, a zura cikin gafaka. A ƙasan kowane shafi magwafi yakan rubuta kalmar da za ta buɗe shafi na gaba, don in iska ta watsa takardun a iya mai da su yadda suke. Ba a cika sayen littafi ba, aronsa ake yi. Da yake zanen aro ba ya rufe katara, wanda ya ara sai ya feƙe alƙalami, ya dama tawada, ya zauna ya kwafe shi tun daga basmala har tammat, sannan ya mayar wa mai shi. Aikin kan ci makonni, wani lokaci watanni. Shi ya sa neman littafi da neman malami suka zama abu guda: in an ji wane na da littafi kaza, wurinsa ake zuwa, a ɗauki karatun daga bakinsa, a ɗauki rubutun daga gafakarsa.

Tarihin rayuwa na farko da mutanen yankin suka sani a rubuce shi ne na Annabi (SAW). Ashafa ta Alƙali Iyad, wanda ya rasu a 1149, da Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, sun zama 'yan gida a ƙasar Hausa, ana karanta su ana fassarawa a zaure da masallaci, musamman a watan azumi da na Mauludi. Wanda bai iya karatu ba ma yana samun rabonsa ta kunne. Bayan jihadi aka sami rubuce-rubuce a kan rayuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kamar Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, na 1812, da Raudul Jinani na Waziri Giɗaɗo. Sai dai a nan akwai wani abin lura. Maraɗi da Tsibiri sarakunan Katsina da Gobir da suka ƙi miƙa wuya ga Sakkwato ne suka kafa su, saboda haka labarin mazajen wannan ɓangare, irin su Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau, ya fi zama a bakin makaɗa da maroƙa da dattawan fada, bai shiga gafaka sosai ba. Ƙagaggen labari shi ma a baki yake, tatsuniya ce ta dare. Ɗalibin da ya yi nisa ne kawai kan kai ga Muƙamar Hariri, ita ma don luggar Larabci ake karanta ta, ba don nishaɗi ba.

Injin ɗab'i ya sassauta wannan wahala. Alhazai sun riƙa dawowa da bugun Misira, daga baya na Bairut, kuma daga wajen shekarun 1950 maɗaba'un Kano suka shiga ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa da yawa, a irin rubutun da almajiri ya saba da shi a allo. Kasuwar Kurmi ta zama matattarar wannan sana'a. Daga can 'yan koli ke saro Ƙawa'idi da Ahalari da Ishiriniya da waƙoƙin ajami, su bi kasuwannin mako suna bajewa a tabarma tare da tazbaha da turare da kwalli. Har yau wannan tabarma ita ce shagon littafi mafi kusa da talakan karkara.

Boko kuwa ta ƙofa biyu ya shigo, kuma ƙofofin ba su kallon juna. A lakwal ta Faransa, Faransanci kaɗai ake yi. Yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa sai a rataya masa sambol, alamar kunya da ke yawo daga wuya zuwa wuya. Littafin karatu shi ne Mamadou et Bineta na André Davesne, kuma masu shiga lakwal ɗin ba su da yawa: lokacin samun 'yancin kai a 1960, yaran Nijar da ke makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. A kudu da iyaka Ingilishi sun bi wata hanya dabam. Sun kafa hukumar fassara da talifi wadda ta zauna a Zariya, kuma gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Magana Jari Ce ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Sakamakon haka, Bahaushen Nijar ya tarar an riga an rubuta ƙagaggen labari da harshensa, amma a wata ƙasa, kuma makarantarsa ba ta koya masa karanta shi ba.

Waɗanda suka fara koyar da karatun Hausar boko a yankin Maraɗi 'yan mishan ne na SIM, waɗanda suka zauna a Tsibiri tun 1927, kuma Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. Gwamnati ta shigo da yaƙi da jahilci na manya a farkon shekarun 1960, da harsunan ƙasa. Amma akasarin 'yan lakwal da kansu suka koya. Baƙaƙen ɗaya ne, lafazin ne ya ɗan bambanta. Yaron da ya saba ganin Tessaoua da Tahoua a allon aji, in ya ci karo da Tasawa da Tawa a littafin Zariya, yakan ɗan yi turus, sa'an nan ya gane cewa inda mushe, wato malamin lakwal, ke rubuta “ou” a nan “u” ko “w” ake sawa, inda yake rubuta “tch” kuma “c” ce kawai. Kwana biyu ya ishe shi, domin harshen nasa ne.

Abin da lakwal ta kawo wanda babu shi a da shi ne littafin da mutum ke ba da labarin kansa. L'Enfant noir na Camara Laye, na 1953, ya daɗe a manhajar ƙasashen da Faransa ta raina, daga baya Amkoullel na Amadou Hampâté Bâ ya zo a 1991. 'Yan Nijar ma sun rubuta nasu. Boubou Hama ya ba da labarin ƙuruciyarsa da gamuwarsa da makarantar Turawa a Kotia-Nima, wanda ya ci babbar kyautar adabin Afirka. Djibo Bakary ya rubuta nasa ɓangaren rikicin jam'iyyar Sawaba a Silence ! On décolonise, a 1992, tarihin rayuwar Mano Dayak kuma ya fito a 1996, bayan rasuwarsa. A ɓangaren ƙagaggen labari akwai Gros plan na Idé Oumarou a 1977, da Aboki na Mahamadou Halilou Sabbo, da Sarraounia na Mamani Abdoulaye a 1980, wanda Med Hondo ya mai da shi fim har ya ci kyautar FESPACO a 1987. Matsalar ita ce kusan dukansu a Paris ko Dakar aka buga su. Kafin kofi ɗaya ya sauka Yamai, ya hau mota zuwa Maraɗi, ya ratsa Sabon Mashi da Kornaka ya iso Dakoro, kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan makaranta. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta ninka farashin a dare ɗaya. Daga nan sai aro daga mushe, ko ɗan kabad ɗin littattafai na kwaleji, ko hoton takarda, ko tsofaffin littattafan da ake bajewa a ƙasa a manyan garuruwa, inda mai saye ke ɗaukar abin da ya tarar, ba abin da ya zo nema ba.

An yi ƙoƙarin cike wannan giɓi. Cibiyoyin al'adu na Faransa da Nijar a Yamai da Damagaram sun buɗe ɗakunan karatu, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma ta fito da tsarin CLAC a 1986, wato ƙananan ɗakunan karatu na garuruwan karkara, Nijar na cikin ƙasashen da suka samu. Duk da haka littattafan da ke ciki galibi na Faransanci ne.

Ambaliyar gaske daga Kano ta zo. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, ya nuna hanya, sai tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare, manyan kamfanoni suka ja baya, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. Masana suka raɗa wa abin suna adabin kasuwar Kano, masu karatu kuwa littattafan soyayya suke cewa. Littafin siriri ne, takardarsa irin ta jarida, bangonsa da hoton fure ko na wata kyakkyawa, kuma da gangan ake yanka labarin kashi biyu ko uku ko huɗu, a tsaya daidai inda rai ya fi so a ci gaba. A bayan bango akan jera sunayen shagunan da ake samunsa. Ba ya buƙatar kamfanin rarrabawa. Yana bin hanyar da atamfa da robobi da kaset ke bi, daga Kano zuwa Katsina, zuwa Jibiya da Ɗan Isa, zuwa Maraɗi, daga can ya watsu arewa. Faɗuwar naira a gaban sefa ta ƙara masa araha.

Mata su ne ƙashin bayan wannan kasuwa. Kofi guda kan zaga gidaje da dama har bangonsa ya rabu da shi, wadda ta iya karatu ta karanta wa kishiya da maƙwabciya, ƙanen miji ko ɗan aike shi ne mai kai na ɗaya ya karɓo na biyu. Inda babu kuɗin saye akwai haya. Malamai da iyaye sun yi ta kuka cewa littattafan na ɓata tarbiyya, har a Kano aka yi taron ƙona wasu a 2007. Ko me za a ce game da ingancinsu, su ne suka sa mutane da yawa karatun Hausar boko don ra'ayin kansu, abin da ajin yaƙi da jahilci ya sha wuya bai cim ma ba, domin ɗan littafin koyon zuba taki ba ya hana kowa barci.

Tarihin rayuwa da Hausa shi ne abin da ya fi wuyar samu, alhali ba don babu shi ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, J. F. Schön ya buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Yana cikin tsofaffin labaran rayuwa da ke akwai da harshen, kuma na ɗan Nijar ne, amma sai a ɗakin karatun jami'a ake ganinsa. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta, da Turanci ya fara fita a 1954, Hausarsa ba ta fito ba sai bayan shekaru fiye da talatin. Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, labarin zuwansa Ingila a 1943, ya fi su yawo saboda makarantu. Labarin attajiran Maraɗi kuwa Emmanuel Grégoire ne ya tattara shi a Les Alhazai de Maradi, da Faransanci, a Paris, a 1986. Jikokin waɗanda aka rubuta kaɗan ne suka taɓa riƙe shi.

Nijar ta yi nata yunƙurin na buga Hausa. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, hukumar INDRAP ta shirya littattafan aji, cibiyar CELHTO ta Yamai ta buga labaran baka, aka daidaita ƙa'idar rubutu a 1999, wadda ke sa ƴ inda Nijeriya ke sa 'y. Maɗaba'u irin su Albasa da Gashingo sun fitar da labarai da harsunan ƙasa. Sai dai yawancin aikin da kuɗin tallafi aka yi shi, littattafan makarantu aka nufa da su, ba su sauka kasuwa sun yi gogayya da na Kano ba.

Wayar hannu ta sake sauya lissafin. Marubutan Hausa sun koma sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu kyauta, wasu sai an biya, ana kuma karanta littattafai da murya a YouTube, a tura su daga waya zuwa waya ko a loda a katin memori wurin mai cajin waya. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun tsayar da motocin kaya, ba su tsayar da wannan ba. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sabuwar dokar ƙasa kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Zuwa yanzu dai, akasarin labaran Hausa da ake karantawa a Dakoro, na takarda da na waya, daga Nijeriya ake rubuto su.