Akwatin Gilashi a Cikin Kayan Gado: Asalinsa da Ƙimarsa a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Gabatarwa

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni unguwanni ne na wajen ganuwa waɗanda suka cika da jama'a bayan kafa Jihar Kano a 1967. Iyalai da dama da suka taso daga cikin birni sun taho da kayan ɗakin iyayensu mata. A cikin irin waɗannan kaya akan tarar da ɗan akwatin gilashi na ajiyar sarƙa da 'yan kunne. Ranar rabon gado akan auna zinariya, dillaliya ta yi wa tufafi kuɗi, amma akwatin sai a rasa ajin da za a sa shi. Wani magaji ya ce tarkace ne, wani ya ce ya shekara ɗari biyu. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ba a sanin ƙimarsa sai an san hanyar da ya biyo ya iso Kano.

Hanyoyin Shigowar Gilashi Kano

Hanya ta farko ita ce ta hamada. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya lissafa duwatsun wuya da ƙananan madubai cikin hajar da Larabawa ke kawowa daga Tarabulus. Yawancin irin waɗannan duwatsu a Benis ta Italiya da Bohimiya ake yin su. Hanya ta biyu daga ƙasar Nufe take, inda maƙeran unguwar Masaga a Bida suka shahara da yin karau da duwatsu, daga baya har da narkakkun kwalabe. Ta uku ita ce hanyar jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya buɗe ƙofa ga kantunan Turawa da na Kwara. Daga baya tsarabar alhazai ta ƙaru a kai.

Abin lura a nan shi ne, dutsen wuya yana jure tafiyar watanni a bayan raƙumi, amma akwatin gilashi da wuya ya jure. Adudu da batta su ne ma'ajiyar kayan ado ta matan dauri. Don haka, galibi akwatin ɗan zamanin jirgi ne, kuma sau da yawa abin da ke cikinsa ya girme shi.

Alamomin Ganewa

Da farko a kifa akwatin a duba gindinsa. Idan an rubuta "Made in Czechoslovakia", to an yi shi ne tsakanin 1918 da 1992, domin iyakar rayuwar ƙasar ke nan. Haka nan sunan Jamus ta Yamma yana nuna 1949 zuwa 1990. Sannan a shafa jikinsa. Gilashin da aka danna da inji, dabarar da ta bunƙasa a Amurka tun wajen 1825, yana da siririn layi inda ɓangarorin ƙarfen zubin suka haɗu, kuma zanensa ba shi da kaifi. Wanda aka sassaƙa da hannu kuwa bakin zanensa yana da kaifi, ya kuma fi tsada. A ƙarshe a duba ƙarfen da ya riƙe murfin, ko tagulla ce, ko azurfa, ko kuwa gwangwani ne aka shafe.

Batun Ƙima

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Akwatin da inji ya buga dubbai, ko ya shekara tamanin, kuɗinsa kaɗan ne, balle idan ya tsage. Amma tsohon karau na Bida yana da wani hukunci, domin Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta sa aikin hannu na ƙasar nan da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta kuma hana fitar da shi waje ba da izini ba. Ya kamata magada su nemi shawarar ma'aikatan Gidan Makama kafin su sallama wa mai saye.

Kammalawa

Shari'a ta wajabta a ba kowane magaji haƙƙinsa, wannan kuwa ba ya yiwuwa da kintace. Sai dai akwai ƙimar da dillaliya ba ta iya yankewa, wato sanin wadda ta mallaki akwatin, da shekarar aurenta, da wanda ya kawo mata shi. Wajibi ne a rubuta wannan bayani daga bakin tsofaffi tun suna raye, domin da tsohuwar zuma ake magani.